Ɗaki Biyu da Takarda Mai Hatimi

4 ga Fabrairu

'Yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kin isa lafiya, kin kuma sami masauki na mutunci. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na ga saƙonninki na waya guda bakwai. Ban amsa ba, domin ni ba na yanke maganar da ta shafi rayuwar yarinya da babban yatsa. Shekara ashirin da takwas na yi ina buga takardu a ofis kafin in yi ritaya, na san bambancin magana da surutu. Direban motar safe zai riƙa kawo miki wasiƙata, ke ma ki riƙa ba shi taki.

Kin bar mini 'yarki, takwarata, tana da shekara uku da wata biyu, kin ce na ɗan lokaci ne. Ban hana ki tafiya ba. Mijinki ya rasu, kin yi karatun kwamfuta, garin nan kuma babu mai buƙatar karatunki sai shagon buga katin gayyata. Amma ki ji sharaɗina tun yanzu, kada gobe ki ce ban faɗa ba. Ba zan sa yarinyar nan a mota ba sai kin cika abu biyu. Na farko, ɗaki biyu naki na kanki, mai ƙofa da makulli, ba zaman cunkoso da 'yan matan da ban san iyayensu ba. Na biyu, takardar ɗaukar aiki ta dindindin, mai hatimi da sa hannu, in riƙe ta a hannuna in karanta da tabarau na.

Ki kiyaye sallarki a kan lokaci. Ki rage dariya da ƙarfi a gaban maza, tun kina ƙarama nake fama da ke a kan wannan. Duk wadda ta fiye yabon kayan jikinki, ki yi nesa da ita.

Takwarata lafiya take. Jiya ta ɗauko takalmanki da kika bari, ta jera su a bakin ƙofa, wai Mama za ta dawo ta sa. Na ce ta mayar, kaji za su ɓata su.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifiyarki

20 ga Fabrairu

Umma,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ki da kyau. Ya gida, ya ƙafar taki, ya takwararki? Direba ya miƙo mini wasiƙar yana dariya, wai rabonsa da ɗaukar wasiƙa tun kafin ya yi aure.

Bari in gaya miki aikin. Kamfanin yana yin manhajar da mutane ke biyan kuɗi da ita a waya. Ni nawa shi ne in gwada ta kafin a sake ta ga jama'a: in danna nan, in danna can, in yi duk shirmen da mutum zai iya yi, in ta lalace in rubuta inda ta lalace. Wato dai, Umma, biyana ake yi in nemo laifi. Na ce wa abokan aikina a gida na koya, wurin gwanar gwanaye. Kada ki yi fushi.

Ofishin yana hawa na tara. Babu mai tebur nasa, wanda ya riga zuwa ya zauna inda ya ga dama. Ogan namu ban jin ya kai shekara talatin, da silifa yake zuwa, kowa sunansa yake kira kai tsaye.

Albashin nan da muka ji muka yi ta murna, a nan ba shi da nauyi. Mu uku ne a ɗaki, ni da wata nas da wata mai gyaran gashi, amma kasona kaɗai yana cinye kashi ɗaya cikin uku na abin da nake samu. Mota biyu nake hawa zuwa aiki. Ruwa ma saye ake yi, jarka jarka. Na tambayi ɗaki biyu kusa da makarantar yara, aka ce sai an biya wata shida gaba ɗaya, ga na dillali a kai. In na matse bakina zan iya kafin shekara ta ƙare.

Maganar takarda ce ke ɗan damuna. Kwantiragin wata uku suka ba ni, in ya ƙare su sabunta ta imel. Haka kowa yake a nan. Amma zan tambaya.

Don Allah ki bar ta ta jera takalman. Ranar Juma'a zan kira ta bidiyo, ki riƙe mata wayar daidai fuskarta, ba silin nake son gaisawa da shi ba.

Ki sa ni a addu'a.
'Yarki

9 ga Mayu

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin koma lafiya. Na gode da maganin ƙafa, ya fi wanda nake sha.

Tun farko ban gaya miki ba, amma maganar neman laifi ba ta ba ni dariya ba. Kuma wurin da ma'aikaci ba shi da tebur, ba shi da aljihun tebur da zai kulle, ba ofis ba ne, tasha ce. Shugaban da ake kiran sunansa gatsau, ranar da zai kore ki ma gatsau zai yi.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuta. Kwana biyun nan da kika zo kika yi, ke kin ji daɗi, kin tafi da hotuna cike da waya. Ni kika bari da jinya. Kwana uku yarinyar nan ta yi ba ta ci abin kirki ba. Tana tsaye a bakin ƙofa tun safe, duk motar da ta wuce sai ta ɗaga hannu. Kukan da ta yi ran da kika tafi, har Maman 'yan biyu ta leƙo ta katanga ta ce, "Hajiya, lafiya? Yanka ta kuke yi ne?" Na ce, "Uwarta ce ta zo ta tafi." Ta ce, "Ai gara yankan."

Kiran bidiyon ma haka ne. Da kin kashe sai ta juya wayar tana neman ki a baya, in ba ta gan ki ba ta buga ta da ƙasa. Duk Juma'a sai an sake sabon kuka. Kina fama mata ciwo ne, sannan ki koma hawa na tara.

Saboda haka na yanke shawara. Daga yau babu kiran bidiyo. Kuma kada ki sake zuwa sai zuwan ɗauka. In kina son jin lafiyarta ki kira ni, ko ki rubuto, zan gaya miki gaskiya ba ƙari ba ragi. Na san za ki ce na yi tsanani. Tarbiyya ba a yin ta da abin da ya yi wa babba daɗi. In kewa ta dame ki, ki mayar da ita kan neman abu biyun nan, sai ki gama da wuri.

Allah ya shirya mana ku.
Mahaifiyarki

12 ga Oktoba

Umma,

Ina gaisuwa, ina kuma tafe da albishir. Na samu! Ɗaki biyu, hawa na biyu, bayan wani kantin magani. Ƙofar ƙarfe ce, makullinta uku, duk suna hannuna. Tagar ƙaramin ɗakin tana kallon filin makarantar yara, da safe har waƙarsu nake ji. Na biya wata shida. Wata takwas ban sayi ko ɗankwali ba, rabin hanyar aiki da ƙafa nake yi, har nas ɗin ɗakinmu tana ce mini 'yar tsere. Na shafa wa ɗakin takwararki fenti da kaina, ruwan ɗorawa, na sayi ɗan ƙaramin gado mai shinge don kada ta faɗo.

Sun sabunta kwantiragina karo na biyu, sun ƙara mini albashi, yanzu ni ke duba aikin mutum biyu. Na sami oga da maganar takarda. Ya ce, "Hatimi? Wane irin hatimi? Ni kaina wata shida-shida ake ba ni." Ya juya ya ce wa 'yan ofis, "Jama'a, akwai mai hatimi a jaka? Mahaifiyar wata na nema." Aka yi ta dariya, ni ma na yi don kada in yi kuka. Daga baya ya ba ni haƙuri, ya buga mini imel ɗin a takarda. Ga shi na haɗo miki.

Umma, a irin wannan aikin haka duniyar take yanzu. Wanda ya iya, ba ya rasa wurin zuwa. Kamfani biyu sun neme ni a watan nan.

Wata biyar ban ga fuskarta ba. Na bi umarninki, ban kira bidiyo ba, ban zo ba. In na kira ki ina jin muryarta can nesa tana wasa, sai in riƙa jan hirar da ke don in ƙara ji. Na cika ɗaya, ɗayan kuma ba a hannuna yake ba. Ki ba ni ita.

'Yarki mai biyayya

25 ga Oktoba

'Yata,

Assalamu alaikum. Na yi murna da ɗakin, Allah ya sa alheri a cikinsa.

Na karanta takardar da kika aiko. Babu hatimi, babu sa hannu da biro, kuma a layi na huɗu an rubuta cewa kowane ɓangare yana iya raba gari da sanarwar mako biyu. Ke ba ki karanta layi na huɗu ba. Ni na karanta.

Zan gaya miki abin da ban taɓa gaya miki ba. Mahaifinki shekara goma sha ɗaya ya yi yana aiki a wata ma'ajiyar kaya, a matsayin ɗan wucin gadi. Shi ma yabonsa ake yi, shi ma an ƙara masa albashi, shi ma yana duba aikin wasu. Kullum ina ce masa ya nemi takarda, yana cewa sun san shi. Wata Litinin ya je, mai gadi ya tare shi a ƙofa ya ce babu sunansa a jerin masu shiga. Ko kofin shayinsa ba a bar shi ya ɗauko ba. Kina da shekara biyar. Muka tashi daga gidan haya muka koma ɗakin ƙanwarsa, ke kina kwana a ƙarƙashin tebur don babu wuri. Ba ki tuna ba, domin na hana kowa ya tuna miki. Ni kuwa ina ofis ina buga wa 'ya'yan wasu takardun dindindin, kofi uku-uku, ina kau da fuska kada hawaye ya ɗiga a kan takarda. Mahaifinki bai ƙara miƙewa ba har Allah ya karɓi abinsa. Abin da ya riƙe mu, ya biya miki makaranta, ya gina ɗakunan nan da nake ciki, takardata ce mai hatimi.

Don haka kada ki gaya mini yadda duniya take yanzu. Masu kora ba su canja ba, silifa kawai suka sa. Takwarata ba za ta kwana a ƙarƙashin teburin kowa ba ina raye. Ki kawo takarda, ki ɗauki 'yarki.

Tana lafiya, ta yi ƙiba. Ta iya ƙirga har ashirin, sai dai tana tsallake sha bakwai. Ta daina tsayuwa a ƙofa. Kin ga amfanin abin da na yi.

Mahaifiyarki

16 ga Fabrairu

Umma,

Ina gaisuwa. Ga takardar. Ta asali ce, ba kofi ba, ki adana.

Na bar kamfanin manhaja a ƙarshen Janairu. Sun roƙe ni in zauna, na ce a'a. Yanzu ina ofishin wani kamfanin inshora, ina shigar da sunaye da lambobi a kwamfuta daga ƙarfe takwas zuwa biyar. Ina da tebur. Ina da aljihun tebur mai makulli. Shugabanmu dattijo ne, ranka ya daɗe ake ce masa. Hatimin shuɗi ne, yana ƙasa ta hannun dama.

Za a ba ni hutun kwana uku a ƙarshen Maris. Zan zo.

'Yarki

24 ga Fabrairu

'Yata,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi! Yau kin faranta mini rai. Na karanta takardar sau uku. An buga ta da kyau, sai waƙafi ɗaya da suka manta a sakin layi na biyu. Na kai wa Maman 'yan biyu ta gani, ta ce, "Hajiya, ni fa ban iya karatu ba." Na ce, "Hatimin za ki kalla." Ta kalla ta ce lallai ya yi kyau.

Na ga sun rubuta albashi bisa mataki na huɗu na tsarin kamfanin. Ban tambayi nawa ba ne, kuma ba zan tambaya ba. Kaɗan mai tabbas ya isa, in akwai wadatar zuci. Yau kina ganin na takura miki, wata rana za ki gode mini.

Na fara wanke kayan takwarata ina jerawa a akwati. Na sa tela ya ɗinka mata riguna biyu na tafiya. Ban gaya mata ba tukuna, kada ta ishe ni da tambaya. Gidan zai yi mini faɗi, amma alkawari na yi, kuma ba na saɓawa.

Sai kin zo.
Mahaifiyarki

2 ga Afrilu

Umma,

Ina gaisuwa. Na iso lafiya. Ki yafe mini tafiyar da na yi ban ɗauke ta ba, ban kuma yi miki bayani ba. A gabanki bakina ba ya buɗewa, shi ya sa nake rubutawa.

Kina wurin, amma bari in faɗa yadda ni na gani. Na shigo tana zaune a baranda tana zane da gawayi. Na ajiye jaka na durƙusa na buɗe hannu. Ta dube ni, ta tashi da gudu ta ɓuya a bayanki, ta ce, "Umma, ga wata Anti." Kika ce, "Ke, Mamanki ce." Ta yi dariya kamar kin yi mata wasa, ta ce, "Mamana tana cikin waya, wayar ta lalace." Ban san haka kika gaya mata ba.

Kwana uku ina lallaɓa ta. A rana ta uku ta yarda na yi mata kitso, ta shafa kanta ta ce, "Anti, kin iya." Da kika fito da akwatin kika ce za ta bi ni, kin ga yadda ta rungume ƙafar gado, kin ji ihun.

Ga abin da ba ki sani ba. Mataki na huɗu bai kai rabin albashina na da ba. Wata shidan ɗakin sun cika, mai gida ya ƙara kuɗi, na miƙa makullan mako ɗaya kafin in zo. Ƙaramin gadon mai kantin magani ya saya wa ɗansa. Yanzu mu huɗu ne a ɗaki ɗaya a can bakin gari, awa biyu zuwa aiki. Na koma tsohon kamfanin neman aikina, na tarar sun ɗauki wani a gurbina. Na zo ne da niyyar in roƙe ki ki ba ni ita a haka, mu matsu tare. Da na ga ta riƙe gadon nan, sai na rasa me zan roƙa.

A da ina da ɗaki ba takarda, yanzu ina da takarda ba ɗaki. A garin nan mai irin aikina ba ya samun su tare. Na yi ta faɗa miki, ni ma kuma da na tsaya a kan abin da na sani, da ban kai mu nan ba.

Ki riƙe ta, Umma. Wurinki ta sani. Abu ɗaya nake roƙo: ki ce mata an gyara wayar. Ko a matsayin Anti ne, a bar ni in riƙa ganinta.

'Yarki

8 ga Afrilu

'Yata,

Assalamu alaikum. Na karanta wasiƙarki sau ɗaya, ban iya maimaitawa ba.

Laifina ne. Ban saba faɗin haka ba, kada ki sa in sake.

Na ba wani malamin makaranta hayar gidan nan, shi da iyalinsa. Abin da ya biya, direba zai ba ki hannu da hannu. Ki haɗa da albashinki ki nemi ɗaki ɗaya kafin ƙarshen wata, fanshona zai ciyar da mu. Ƙafata ba ta son bene, ki nemi na ƙasa. In babu, zan hau. In wani kamfanin manhaja ya sake nemanki, ki je, ba sai kin tambaye ni ba.

Za mu taso Asabar ɗin ƙarshen wata, ni da ita, a motar safe. Ba za ta bi ki ita kaɗai ba, amma ni za ta bi ni ko'ina.

Ɗazu ta ga ina ɗaure kaya ta ce ina za mu. Na ce wurin Mamanki. Sai ta ce, "Anti ma tana can?" Na ci gaba da ɗaure kayan.

Ki zo tasha da wuri. Kada ki rungume ta da ƙarfi. Ki tsaya inda za ta gan ki, ki bari ta zo da ƙafarta, ko da ba ranar ba ne.

Allah ya yafe mana.
Mahaifiyarki